Nasiha ga Matashin da Ke Shirin Ƙaura Zuwa Lome

A 'yan shekarun nan hotunan bidiyo sun yawaita a YouTube da TikTok da Facebook waɗanda ke tallata wasu biranen bakin teku na ƙasashe masu zafi a matsayin wuraren da mutum zai tattara komatsansa ya koma, ya kama gida mai kyau da kuɗi kaɗan, ya ci kifi sabon kamu, ya yi aikinsa ta intanet yana shan iskar teku. Yawancin masu shirya waɗannan hotuna Turawa ne da Amurkawa da suka yi ritaya, ko ma'aikatan da ake biyansu da dala ko yuro, amma masu kallonsu sun haɗa da ɗimbin matasan Kano da Kaduna da Maradi da Damagaram, waɗanda tsadar rayuwa da ƙarancin aikin yi suka sa duk labarin wani gari mai sauƙi yake kama zuciyarsu. Daga cikin biranen da matashin ƙasar Hausa zai iya kaiwa ta mota ba tare da biza ba, Lome, babban birnin ƙasar Togo, shi ne ya fi cancanta a tsaya a duba da kyau, domin yana da kusa, yana da tsohuwar al'ummar Hausawa, kuma an san shi da kwanciyar hankali da tsari idan aka gwada shi da Legas.

Birnin yana zaune ne a ƙarshen kudu maso yammacin Togo, gidajensa na yamma suna manne da kan iyakar Gana ta Aflawo, kuma ƙidayar jama'a ta 2022 ta nuna cewa shi da kewayensa suna ɗauke da mutane kimanin miliyan 2.2, wato fiye da rubu'in mutanen ƙasar baki ɗaya. A nan ne hedikwatar bankin Ecobank take, da ta bankin raya ƙasashen yammacin Afirka da ake kira BOAD, da ta kamfanin jiragen sama na Asky, ga kuma tashar jiragen ruwa mai zurfi wadda manyan jiragen kwantena ke iya tsayawa a cikinta. Wannan duka gaskiya ne, kuma ya isa ya ja hankalin mai neman halal. Abin da masu tallar ba sa bayyanawa shi ne cewa araha sakamako ce ta gwada farashin gari da kuɗin da ke shigowa aljihun mai zama a cikinsa, da kuma irin kuɗin da ake biyansa da shi, saboda haka garin da ya yi wa ɗan fansho daga Faransa sauƙi yana iya zama mai tsananin tsada ga wanda ya zo da naira.

Kuɗin da ake kashewa a Togo shi ne sefa, wanda ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA suke tarayya a kansa, wato Benin da Burkina Faso da Kwaddibuwa da Gini Bisau da Mali da Nijar da Senegal da ita Togon kanta, kuma tun 1999 an ɗaure darajarsa da yuro a kan sefa 655.957 ga kowane yuro ɗaya. Ma'anar wannan ɗauri ita ce, duk lokacin da naira ta faɗi a gaban yuro, ta faɗi a gaban sefa ke nan. Kafin watan Yunin 2023 ana canza dala ɗaya a kan naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati, amma bayan da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin, ba a kai ƙarshen watan Fabrairun 2024 ba sai da dala ta haura naira 1,400, kuma jaka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, ta wuce naira 2,000. Mafi ƙarancin albashi a Togo ya koma sefa 52,500 daga Janairun 2023, wanda idan aka canza shi a farashin 2024 ya zarce naira 100,000 nesa ba kusa ba, alhali mafi ƙarancin albashin da Najeriya ta amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna wa matashin Najeriya cewa ba gari mai rahusa zai je ba, kuma idan da ajiyarsa ta naira zai riƙa ci yana biyan haya, to ɗiban ruwa da kwando yake yi, domin kuɗin suna raguwa ta wajen kashewa, suna kuma raguwa ta wajen canji. Ɗan Nijar ya tsira daga wannan matsala tunda sefar da ke aljihunsa a Maradi ita ce ake karɓa a Lome, sai dai shi ma ya kamata ya tuna cewa ɗaurin ba wahayi ba ne, domin a Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya.

Saboda haka tambayar da ke gaba da kowace tambaya ita ce ta hanyar samun kuɗi, kuma wajibi ne a amsa ta kafin a bar gida. Wanda yake da aiki ta intanet, kamar rubuta manhaja ko fassara ko zane, kuma ake biyansa da dala ko yuro, shi ne ya fi kusa da halin masu hotunan bidiyo, kuma Lome tana da abin da za ta ba shi, domin a watan Maris na 2022 babbar igiyar intanet ta ƙarƙashin teku ta kamfanin Google mai suna Equiano ta sauka a gaɓarta. Amma Togo tana dogaro da maƙwabta wajen wani kaso na wutar lantarkinta da iskar gas ɗin da ake samar da wutar da shi, kuma a 2024 mazauna birnin sun sha fama da ɗauke wuta na sa'o'i masu yawa, don haka mai irin wannan aiki dole ya sa kuɗin batir ko na faranti mai amfani da hasken rana a cikin lissafinsa. Shi kuwa wanda zai je neman aikin albashi, gara a gaya masa gaskiya tun da wuri: harshen aiki a ofis da banki da kotu Faransanci ne, shigar Togo ƙungiyar Commonwealth a 2022 bai sauya wannan ba, kuma a cikin masu tuƙa zemijan, wato acaɓar garin, akwai 'yan ƙasa masu digiri da suka rasa aikin ofis. Baƙon da ba ya jin yaren, ba shi da wata ƙwarewa ta musamman, yana bayansu a layi.

Kasuwanci ne ya fi kai Hausawa Lome tun asali, kuma har yanzu shi ne ƙofa mafi faɗi, sai dai ƙofa ce da siyasar ƙasashe ke buɗewa tana rufewa. Tashar jiragen ruwan da aka buɗe a 1968 ita ce mashigar kayan Burkina Faso da Mali da wani ɓangare na kayan Nijar, kuma a gefenta akwai filayen sayar da motocin da aka yi amfani da su a Turai. Da Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, sannan ta rufe iyakokin gaba ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, dillalai da yawa a Kwatano da Lome sun wayi gari da kaya a hannu babu mai saye. Da aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023 kuma aka rufe iyakar Benin, sai kayan Nijar suka karkata zuwa Lome, ana bi da su ta Burkina Faso cikin ayarin manyan motoci da rakiyar sojoji, wasu suka samu, wasu kuma kayansu suka yi makonni a hanya. Darasin da ke ciki ga mai ƙaramin jari shi ne kada ya zuba dukiyarsa duka a harkar da sa hannun minista ɗaya zai iya tsayar da ita. Ya kuma sani cewa kasuwannin birnin suna da masu su: atamfa a babbar kasuwar Asigame ta daɗe a hannun matan garin, magada attajiran matan nan da aka yi wa laƙabi da Nana Benz a shekarun 1970, gwanjo kuma a kasuwar Hejranawe Inyamurai sun yi ƙarfi a cikinsa, yayin da Hausawa da sauran mutanen arewa aka fi sanin su da dabbobi da fawa da albasa da canji da sufuri. Gobarar da ta cinye ginin babbar kasuwar a Janairun 2013 ta tsiyata 'yan kasuwa da dama a dare ɗaya, kuma waɗanda suka fi saurin farfaɗowa su ne masu mutanen da za su ba su kaya bashi.

Akwai wani tarko da ya zama ruwan dare a biranen wannan gaɓa, kuma ya wajaba a ambace shi ƙarara. Wani aboki ko ɗan'uwa ne zai kira matashi ya ce ya samo masa aiki a tashar ruwa ko a wani kamfanin waje, ya nemi a turo kuɗin rajista da na masauki, amma idan ya iso sai a kai shi wani gida da aka cusa matasa da yawa, a karɓe wayarsa ko takardunsa, a gaya masa cewa hanyar da zai fanshi kuɗinsa ita ce ya yaudaro wasu mutum biyu daga gida su ma su biya. 'Yan sandan ƙasashen yankin sun sha kai samame irin waɗannan gidaje. Aikin gaske yana zuwa ne da takardar yarjejeniya mai suna da adireshin da za a iya bincikawa, kuma mai ɗaukar ma'aikaci na gaskiya ba ya neman ma'aikacin ya biya shi kafin ya fara aiki.

Bayan hanyar abinci sai maganar takardu, wadda matasa suka fi yi wa riƙon sakainar kashi saboda sun ji an ce babu biza tsakanin ƙasashen ECOWAS. Yarjejeniyar zirga-zirga da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya mai inganci da katin rigakafin zazzaɓin shawara, amma zaman da ya wuce haka yana buƙatar katin zama, wanda a Togo hukumar da ke ba da fasfo, wato DGDN, ita ce ke bayar da shi. Kwana 90 ɗin nan ana ƙirga su ne daga hatimin da aka buga a kan iyaka, shi ya sa wanda ya bi ɓarauniyar hanya don gudun 'yan kuɗin da ake tatsa a kan iyakar Seme ko ta Hilakonji ya jefa kansa cikin halin da ba shi da shaidar ranar shigarsa. Yana da kyau baƙo ya yi rajista a ofishin jakadancin ƙasarsa ya karɓi katin shaida, idan kuma zai buɗe shago ya yi masa rajista a cibiyar rajistar kamfanoni ta CFE, ya san abin da hukumar haraji ta OTR take binsa. Ɗan Nijar yana da ƙarin abin lura, domin ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025, kuma ko da yake ƙungiyar ta ce za a ci gaba da mutunta zirga-zirgar 'yan ƙasashen uku har zuwa wani lokaci, kuma Nijar tana nan cikin UEMOA, abin da ya dogara da sanarwa ana iya sauya shi da wata sanarwar.

Tarihin wannan gaɓa ya nuna abin da ke samun baƙon da ya dogara da lumanar yau ya ƙi gyara takardunsa. A ranar 18 ga Nuwambar 1969 gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba duk baƙin da ba su da izinin zama mako biyu su fita, kuma dubun dubatar mutane, ciki har da Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da aka haifi wasunsu a can, suka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance suka kama hanya. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan kora a Najeriya, inda mutane fiye da miliyan ɗaya suka fita, akasarinsu 'yan Gana, kuma da yawansu a bakin Lome suka yi cincirindo suna jiran a buɗe musu iyakar Aflawo. A duka lokutan biyu matsin tattalin arziki ne ya sa aka waiwayi baƙi, kuma waɗanda aka fara ɗauka su ne marasa takarda.

Amma takarda ita kaɗai ba ta zaunar da mutum a gari, kuma a nan ne magabata suka bar wa na baya wani tsari da bai kamata a raina shi ba. Tun ƙarnonin da suka shige fataken Hausa suke ratsa arewacin ƙasar da ake kira Togo a yau, ta Sansanin Mango, a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro, kuma duk inda ayari ya saba yada zango sai unguwa ta tsiro, da masallacinta da limaminta da sarkinta. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwa da malamai da yawa sun koma Kete Karaci, wadda a lokacin take ƙarƙashin Jamusawan Togo, cikinsu har da shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya rasu a can a 1934, wasu kuma suka gangara bakin teku, inda Jamusawa suka mayar da Lome hedikwatar mulkinsu a 1897. Ginshiƙin zango shi ne mai gida, wato mazaunin garin da ke saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye ta hannun dillalansa, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi ko shi zai bayar, sannan ya karɓi ladarsa. Wani masani Bafaranshe mai suna Michel Agier ya yi nazarin wannan tsari a zangon Lome ya wallafa littafi a kansa a 1983, kuma har yau, duk da sauyin zamani, da shi ake sayar da shanu da albasa.

Matashin zamani yakan ɗauka cewa waya ta ɗauke masa buƙatar mai gida, tunda da ita zai nemi ɗaki, ya kira abin hawa, ya biya kuɗi ta Flooz ko makamancinta. Waya tana yin waɗannan duka, amma ranar da aka tsare shi a caji ofis bisa kuskure, ko ya kwanta rashin lafiya ana neman wanda zai sa hannu a asibiti, ko mai gidan haya ya ƙi mayar masa da kuɗin ajiyarsa, mutum ake nema wanda garin ya san fuskarsa. Saboda haka ya dace tun yana gida ya binciki wanda zai sauka a hannunsa ta bakin dattawan kasuwa da direbobin da ke bin hanyar, ba ta bakin mutum ɗaya ba, domin a cikin masu gida akwai amintattu akwai kuma maciya amana, kuma idan ya isa ya je ya gai da sarkin zango da liman, ya shiga cikin sha'anin suna da jana'iza, ya ba da gudummawarsa komai ƙanƙantarta. Abin da ya bayar a ranar da yake lafiya shi ake tunawa a ranar da yake kwance.

Sai dai zango yana da iyakarsa, kuma tarihinsa ya nuna haka. A 1977 hukuma ta rushe tsohon zangon da ke tsakiyar Lome, ta kwashe mutanensa zuwa wani fili mai nisan kilomita 15 ko kusa da haka a arewacin birnin, wurin da ake kira Agwe Zongo a yau, kuma daɗewar da suka yi a tsohon wurin ba ta hana komai ba. Baƙon da ya shekara biyar bai fita daga cikin masu jin Hausa ba zai ci gaba da sa hannu a takardun da ba ya iya karantawa, yana biyan tafinta a kan abin da ya kamata ya yi da kansa. Faransanci wajibi ne, kuma gara a fara koyonsa tun kafin tafiya, yayin da yaren Mina, wanda shi ake yi a kasuwa da kan babur, ko gaisuwa da ƙirga kawai mutum ya iya a cikinsa, farashin da ake gaya masa yakan sauka. Haka nan sayen fili abu ne da bai kamata sabon zuwa ya yi gaggawarsa ba, domin sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku sananniyar matsala ce a birnin, har ana ganin gargaɗi a rubuce a jikin katangu cewa wannan wuri ana shari'a a kansa.

Neman ɗaki yana bi ta hannun dillalan haya, waɗanda ke karɓar kuɗin nuna gida tun kafin a ga ɗakin, sannan su karɓi lada idan an daidaita. A da masu gidaje sukan nemi kafin alƙalami na shekara ɗaya ko fiye, amma wata dokar gwamnati ta Janairun 2022 ta taƙaita kuɗin ajiya da na garanti a yankin Lome zuwa na wata uku kowannensu, kuma ko da yake ba kowane mai gida ne ke bin ta ba, sanin ta yana ƙarfafa bakin mai ciniki. Kada a ba da ko sisi sai an ga mai gidan ido da ido, an rubuta yarjejeniya, an karɓi rasit, an kuma fahimci ko mitar wuta ta mutum ce shi kaɗai ko ta tarayya ce da sauran 'yan haya, domin rabon kuɗin wuta shi ne tushen yawancin rigingimun gidan haya. Mai duba ɗaki ya sunkuya ya kalli ƙasan bango daga waje da ciki: idan ya ga wani layi mai duhu ya zagaye ginin a tsayin gwiwa, fenti ya kumbura yana ɓarewa a ƙarƙashinsa, to ruwa ya taɓa kwana a gidan, ko da dillali ya rantse. Unguwannin da ke kusa da tafkin tsakiyar gari da waɗanda ke kwarin kogin Ziyo a arewa, ciki har da gefen sabon zango, sun saba da ambaliya idan damina ta yi ƙarfi.

Yanayin garin kansa yana ba mutumin arewa mamaki. Ruwan saman da ke sauka a Lome bai cika kaiwa milimita 1,000 a shekara ba, wato bai yi nisa da na Kano ba, kuma ya gaza na Legas sosai, amma yana zuwa ne a damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma a wajen Satumba da Oktoba, sannan iska cike take da laima kusan duk shekara. Wanda ya saba da zafin bazara mai kai digiri 40 a busasshiyar iska zai ga ma'auni ya nuna 31 amma jikinsa ya fi jin nauyi, domin gumi ba ya bushewa. Takalmin fata da aka ajiye a ƙarƙashin gado mako biyu sai a ciro shi ya yi fumfuna, babbar riga a cikin akwati ta ɗauki warin danshi, kilishin da zai yi watanni a Agadas ya yi laushi ya lalace, keken ɗinki da kwamfuta da babur kuma iskar gishiri tana cin su da tsatsa idan gidan yana kusa da teku. Zazzaɓin cizon sauro, wanda a sahel ya fi tsananta a damina, a nan ba shi da lokaci, don haka gidan sauro da gwajin jini da zarar jiki ya yi zafi ba abin sakaci ba ne, kuma kuɗin asibiti daga aljihun baƙo suke fita.

Shi kansa tekun da ake tallata garin da shi yana buƙatar a ji tsoronsa. Gaɓar Lome tana gangarawa ne da sauri, raƙuman ruwa suna karyewa da ƙarfi dab da yashi, kuma akwai jan ruwa mai komawa ciki wanda ke ɗauke ƙafar mutum yana tsaye a ruwan da bai wuce ƙugunsa ba. Matashin da ya koyi iyo a kududdufi ko a dam bai san wannan ruwa ba, kuma a ranakun bukukuwa ne, lokacin da bakin teku ya cika, aka fi samun nutsewa. A gabashin tashar jiragen ruwa kuwa, wajen Bagida har zuwa Aneho, teku yana cin gaɓa shekara da shekaru, ya cinye gidaje da gonakin kwakwa, har sai da aka ja da titin da ke bin gaɓar baya fiye da sau ɗaya, saboda haka gida mai rahusa a bakin ruwa a wannan shiyya rahusarsa tana da dalili.

Masu tafiya da niyyar karatu su san cewa a Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni kaɗan, kuma daga baya ma'aikatar ilimi ta ce jami'o'i uku kawai ta amince da su a Togo, cikinsu akwai Jami'ar Lome da Jami'ar Kara. Kafin iyaye su sayar da gona su biya kuɗin makaranta, a nemi tabbaci a rubuce daga hukumar da za ta karɓi takardar a gida.

Game da zama da mutane, Musulmi ba su ne masu rinjaye a Lome ba, akwai Kiristoci da yawa da mabiya addinin gargajiya na Vodu, amma ana hutun ƙaramar salla da babba a hukumance, masallatai suna ko'ina, kuma naman yanka ba ya wuyar samu tunda fawa tana hannun Musulmi. Abin da ake nema daga baƙo shi ne ya riƙe addininsa ba tare da ya aibata abin bautar maƙwabcinsa ba, ya kuma kame bakinsa da wayarsa daga siyasar ƙasar. Gida ɗaya ne ke mulkin Togo tun 1967, daga Gnassingbé Eyadéma zuwa ɗansa Faure a 2005, an sauya tsarin mulki a 2024, kuma a Yunin 2025 an yi zanga-zangar da aka yi asarar rayuka a cikinta, saboda haka magana ce mai zafi wadda ɗan ƙasa yake da hakkin faɗa a kanta, baƙo kuwa katin zamansa ne zai tafi. Masu zuwa ta hanyar arewa, ta Sinkase da Dapawong, su ma su sani cewa yankin yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2022 saboda hare-haren 'yan bindiga, don haka tafiyar dare a can ganganci ce.

Wanda ya auna waɗannan duka ya ga har yanzu yana da dalilin tafiya, to babu laifi a kansa, domin neman arziki a bakin teku sana'ar kakanni ce, kuma akwai gidajen Hausawa a Lome da suka kai jikoki da tattaɓa-kunne cikin rufin asiri. Sai dai gani ya kori ji, kuma kwana 90 ɗin da doka ta ba shi dama ce ta gwaji da ya kamata ya yi amfani da ita kafin ya sayar da wani abu nasa ko ya ɗauko iyali. Ya zaɓi watan Yuni, lokacin da ruwa ya fi sauka kuma garin ya fi nuna aibinsa, ya sauka a hannun mai gidan da aka bincika, ya riƙa rubuta duk sefar da ta fita daga hannunsa da wadda ta shigo, ya bar wa iyayensa sunan unguwa da na mutumin da yake hannunsa. Kuɗin motar komawa gida kuwa ya ware su daban tun ranar da ya iso, ya damƙa su ga amintacce, kada ya taɓa su ko da haya ta matsa, kuma idan wata uku suka kusa cika lissafin ya nuna abin da ke fita ya fi abin da ke shigowa, ya hau mota ya koma tun hatimin fasfonsa bai ƙare ba.